Alkawarin Iya Gwiwa a Bahar Maliya

Litinin: Daga gida zuwa Kano

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito daga gidanmu, a wani ƙauye gabas da Zakirai, Inna na biye da ni da fitilar ƙwai har ƙofar zaure. Shekarar ce damina ta ɗauke tun gero bai gama fid da kai ba, rumbunmu biyu ɗaya babu komai sai ɓera. Ina ajin ƙarshe a jami'a, sashen nazarin halittu, kuma wata tashar binciken teku a Sudan ta gayyaci mu shida, ta ɗauki nauyin komai. Sharaɗin malaminmu, Dakta Nuhu, ɗaya ne: kowa ya dawo da taswirar yankin murjanin da aka ba shi a cikin teku, ita ce aikinsa na kammala karatu. Wanda bai kawo ba ya maimaita shekara. A gidanmu kuwa babu abin da zai ɗauki nauyin wata shekarar.

Ita ma Inna da nata sharaɗin. Yayana Hamisu a kududdufin bayan gari ya rasu yana ɗan shekara tara, tun ranar ta raba mu da ruwa.

"Sabi'u, an ce ruwan can ba shi da ƙarshe. Yi mini alkawari ba za ka shiga inda ya wuce gwiwarka ba."

"Inna, aikin fa a cikin ruwa yake."

"To aikin ya tsaya iya gwiwa."

Na yi alkawari. Ta cusa mini guzuri: ƙuli-ƙuli, garin kwaki, da ƙullin daddawa, wai ko miyarsu ba ta da daɗi.

Akori-kura mai ɗauke da tumaki ce ta kwashe ni ƙarfe biyar da kwata. Tafiyar ba ta wuce kilomita hamsin ba, amma sai tara saura muka shiga Kano, saboda shingen sojoji biyu da tayar da ta yi faci. A filin jirgi na tarar da Dakta Nuhu da sauran ɗaliban. Abokina Gambo, ɗan birni mai bakin tsiya, ya dubi wandona ya ce, "Wannan jan zaren da ka ɗinka a gwiwa fa, laya ce?" Na gaya masa gaskiya, na kuma roƙe shi ya rufa mini asiri. Kafin jirgi ya tashi kowa na kirana Malam Gwiwa.

Talata da Laraba: Kartum zuwa Sawakin

Awa huɗu muka yi a sama. A Kartum jami'in kwastan ya kwance ƙullin daddawa, ya shinshina, ya ja da baya har ya take ƙafar abokin aikinsa. Da ɗan Larabcin makarantar allo na ce masa abin miya ne. Ya ce in dai wannan muke ci, Allah ya ƙara mana haƙuri, ya miƙo mini da yatsa biyu.

Mun kwana a masaukin ɗalibai, ƙarfe shida na safe muka hau bas. Hanyar ta zagaya ta Madani da Gadarif, tafiyar fiye da kilomita dubu. Na ƙirga shinge bakwai, kowanne sai an sauko an nuna fasfo. Su ma fari ya taɓa su, mun yi ta wuce mutane a bakin titi da ramammun raƙuma. Abincin hanya wake ne dafaffe da man riɗi da gurasa, safe da rana. A Kasala muka kwana a kan gadajen igiya a tsakar gidan wani otal, gadon fam ɗaya, ruwan wanka bokiti guda ga mutum biyu.

Laraba da la'asar bas ya gangaro daga cikin duwatsu, sai ga wani abu shuɗi ya tare gabas gaba ɗaya. Na ɗauka hadari ne, har na yi wa mutanen ƙasar murna a zuciyata. Gambo ya ce, "Malam Gwiwa, ga kududdufinka."

Alhamis: Rana ta farko a jirgi

Jirgin ruwan da zai kai mu tsibirai daga Sawakin na katako ne, tsawonsa taku ashirin da biyu, na auna. Ba inji ke tafiyar da shi ba, wani ƙaton farin ƙyalle ne mai kusurwa uku ake ɗagawa iska ta tura. Muna loda gangunan ruwan sha sai muka ji daga bayan jirgin an ce, "Sannunku da zuwa, 'ya'yan gida. Yaya Kano ta Dabo?"

Mai jirgin ne, wani dattijo baƙi siriri, ana kiransa Rayyis Ɗan'azumi. Kakansa ya taso aikin hajji a ƙafa, guzuri ya ƙare masa a Sawakin, ya zauna. Shi Rayyis bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma Hausarsa irin ta kakanninmu ce.

Mun tashi ƙarfe bakwai da minti goma. Kafin hantsi Gambo, wanda ya cika mu da labarin iyonsa a dam ɗin Tiga, ya rungume gefen jirgi yana mayar da waken Kasala. Ni ko gezau.

"Kai da ka iya ruwa," na ce masa a hankali.

"Rufe mini baki. Wannan ba ruwa ba ne, lilo ne."

Da azahar na ɗauki buta zan cika daga ganga, Rayyis ya riƙe hannuna. "Wannan na ciki ne, ɗana. Na alwala ga shi nan Allah ya shimfiɗa." Na san hukuncin a littafi, amma sai ranar na kurkure baki da ruwan gishiri.

Ƙarfe huɗu muka iso tsibirin farko. Rairayi fari kamar garin rogo, ruwan gefensa kore shar, ana ganin ƙasa. Saboda duwatsun murjani jirgi ba ya matsawa, sai a shiga ƙaramin kwalekwale, shi ma ya tsaya nesa da gaɓa a ƙarasa da ƙafa. Na zura sanda na gwada da zarena: ya wuce da taƙi ɗaya. Kowa ya dira, ni na zauna. Daga ƙarshe Gambo ya goya ni, bisa ladan ƙuli-ƙuli biyar, yana tafe yana shela, "A ba da hanya, ga amaryar Zakirai!"

Dakta Nuhu bai yi dariya ba. Ya ja ni gefe ya ce, "Gobe kowa zai sa gilashin ido ya kwanta a kan ruwa. Ba zan ba ka maki don kana da biyayya ba, Sabi'u. Taswira nake so."

Juma'a: Garwa mai gilashi

Da safe na ga Rayyis na dafa kifi da gishiri da albasa kawai. Na ɗauko ƙullin Inna na ajiye kusa da shi, don ban iya doguwar magana ba. Ya kwance, ya kai hanci, ya daɗe bai ɗago ba.

"Rabona da wannan tun rasuwar tsohuwata," ya ce. "Wa ya yi ta?"

"Inna."

"Ita ce mai gwiwar?"

Na ce ita ce. Ya tashi ya shiga cikin jirgi, ya fito da tsohuwar garwar kananzir da aka yanke gindinta aka liƙa gilashi da kwalta. Da ita masu neman katantanwar teku suke leƙen ƙasan teku daga cikin kwalekwale. "Uwar da ta iya daddawa haka ba a karya maganarta. Shiga, ni zan tuƙa ka."

Na dafa garwar a kan ruwa na sa kaina. Wallahi sai da na manta da numfashi. Murjanin da na sani shi ne jan dutsen wuyan Inna. Wannan kuwa gari ne guda. Wani ya yi rassa kamar ƙahon barewa, wani ya baje kamar faifai, wani dunƙule kamar ƙwaƙwalwar sa a teburin mahauci. Kifaye rawaya da shuɗi suna shige da fice, wani mai baki kamar na aku yana gatsar dutse, har ƙarar ana ji ta cikin garwar.

Yankin kowa taku arba'in ne a tsaye, arba'in a kwance. Na rasa ta inda zan fara, sai na tuna yadda Baba ke shuka. Na roƙi igiya, na ƙulla ta taku-taku, muka ɗaure ta tsakanin galan biyu masu yawo a kan ruwa. Rayyis ya bi igiya da kwalekwale, ni ina leƙe ina zanawa, in mun kai ƙarshe mu matsar da ita taku biyu mu juyo.

"Kunya-kunya ke nan," in ji Rayyis. "Ashe noma muka zo."

Ranar mun yi kunya bakwai. Da rana aka ci kifi da miyar daddawa a kan rairayi, ma'aikatan jirgin suka toshe hanci, sannan suka nemi ƙari.

Asabar da Lahadi: Taku biyu

Asabar muka ƙara kunya takwas. Bayana ya ƙage, wuyana ya saɓule da rana. Masu iyo kuwa sun sha daɗi, sai dai kifi na ɗauke musu hankali. Gambo ya bi wani kunkuru har yankin wani, ya zana rabin gonar maƙwabci a tasa takardar.

Lahadi ƙarfe sha ɗaya na rufe kunya ta ashirin. Muka koma tsibiri na biyu, mai tsuntsaye da yawa, na zauna a bakin ruwa ina bin zanen da tawada. Sauran suna can nesa, Rayyis na gyaran igiya a bayana. Na ɗaga dutsen da na danne takardar don in juya ta, iska ta fizge ta.

Na bi ta a guje. Ta sauka a kan ruwa tana tafiya. Ruwa ya kai idon sawu, ya kai ƙwauri, ya taɓa jan zare. Na tsaya cak. Takardar na gabana, hannuna bai kai ba, kuma waje iskar take yi da ita, tawadar ta fara jiƙa. Kwalekwale na can gefen tsibirin. Na tuna fuskar Inna a hasken fitila, na tuna rumbun da babu komai. Na yi bisimilla na ƙara taku ɗaya, na ƙara na biyu. Ruwa ya kama ni a ƙugu, na cafke ta.

Da na fito, Rayyis ya karɓa ya shanya ta a kan garwa. Kusurwa ɗaya ce kawai ta dame, kuma zanen fensir na nan a ƙasa.

"Ni dai igiya nake dubawa, ban ga komai ba," ya ce.

"Ni na gani, Baba."

Ya dube ni, ya gyaɗa kai. Da yamma Dakta Nuhu ya baza taswirori shida a kan jirgi, ya daɗe a kan tawa, sannan ya ce wa sauran, "Gobe kafin mu tashi kowa ya ari igiyar Malam Gwiwa." Gambo ya ce shi dai a mayar masa da ladan goyo zuwa goma.

Komawa

Litinin da azahar muka kama hanyar Sawakin, iska na bayanmu, awa biyar. Na bar wa Rayyis sauran daddawar. Ya ba ni wata ƙatuwar katantanwar teku mai ruwan hoda ya ce a kai wa Inna, a ce daga ɗanta na gabas. Hanyar dawowa ita ce ta zuwa, shinge bakwai, wake bakwai. Juma'a bayan la'asar na sauka a Zakirai, na ƙarasa gida a bayan keken wani maƙwabcinmu.

Inna na tankaɗe a tsakar gida. Bayan gaisuwa ban jira ta tambaya ba, na durƙusa na shimfiɗa takardar.

"Inna, na karya. Taku biyu. Ya kawo mini nan." Na nuna ƙuguna, na gaya mata yadda aka yi.

Ta ajiye rariya. Ta shafa kusurwar da ta dame, ta kai yatsa baki, ta ji gishiri. Kaji suka fara cin garin, ba ta kula ba.

"Wa ya gan ka?"

"Babu wanda zai faɗa."

"Hamisu ba shiga ruwa ce ta kashe shi ba," ta ce, ba ta dube ni ba. "Rashin iyawa ne. Na daɗe da sanin haka." Ta kore kajin, ta goge ido da gefen zani. "Idan Allah ya kawo damina, ka je wurin Ɗanjuma masunci ya koya maka. Kafin nan na ɗage maka zuwa ƙugu, tunda ka riga ka kai. Ko yatsa ɗaya kada ka ƙara."

Ta kara katantanwar nan a kunne kamar yadda na nuna mata, ta yi sauri ta cire. "Kai, wannan abin ruwa ne a ciki! Ajiye shi a kan rumbu, ko ya kira mana hadari."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Dakta Nuhu da Rayyis Ɗan'azumi, har da Gambo da ya goya ni. A daren Inna da kanta ta warware jan zaren daga gwiwar wandona, ta ɗinka shi a ƙugu.