Rikodata da makaɗin Fakku

Ni na fitar da makaɗin noman Fakku duniya. Wanda ya musa ya zo Tambuwal ya same ni.

Ina malamin firamare lokacin, kuɗin mai suka kawo mana ƙarin albashi, na sayo rikoda wadda in ta yi tari ana ji a Kebbe. Na ɗaure ta a babur na tafi gayya Fakku. Makaɗin dattijo ne, gangarsa ce gonarsa. Da damina ya bi manoma kunya-kunya yana kama sunan kowa, da kaka kowa ya kai masa dami. Na danna jan maɓalli na kwashe kiɗan kaf, ko tambayarsa ban yi ba.

Daga nan na zama mai alheri da kayan wani. Duk wanda ya kawo kaset, sai mu haɗa rikoda biyu baki da baki, a hana kowa numfashi. Kafin damina ta zagayo, masu gayya sun gano dabara: a rataya rikoda a bishiya, ba ta cin tuwo, ba ta jiran dami. Aka daina kiran dattijo. Na ji labarin rumbunsa ya koma wurin kwanan kaji, sai na daina bin hanyar Fakku, don mutumin da ya iya yabo ya iya zambo.

Mutanen Jabo ne suka cece ni. Wani ƙato yana cikin noma, gumi har ƙafa, rikoda na ta wasa wani mutumin Fakku. Ya yar da fartanya ya ce, "Ni nika wahala, wani aka yabo? A kirawo mai gangar!" Aka kirawo shi. Garuruwan da ba su taɓa ganinsa ba suka shiga layi, kowa na son nasa sunan.

Yau in na ga jikokina na tura waƙa waya zuwa waya, dattijon nan nake tunawa, Allah Ya jiƙansa. Bai taɓa saka ni a zambo ba, kuma har gobe ina gode masa.

Da kakar waccan shekarar da aka yi ta layin kiransa na je Fakku karɓar godiya, ƙirji a gaba. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka dama fura.

Na ce, "Baba, ka ga aikina ko?"

Ya ce, "Na gani, Malam. Duk ƙasag ga, kai da akwatinka kaɗai kunka sha kiɗina, ba ku riƙe fartanya ba, ba ku kawo dami ba. Sha furarka."