Dogo da Katin Laburare

Ina zaune a teburin ba da aron littattafai, wata ɗaliba ta miƙo mini littattafai uku, sai wayata ta yi ƙara. Matar Dogo ce. Ta ce, "Yaya, abokinka ya cika." Na yi salati, na ajiye wayar, na shigar da littattafan ɗaya bayan ɗaya, na buga musu hatimi. Sai da ɗalibar ta ce, "Baba, lafiya?" sannan na san hawaye nake yi.

Dogo, Allah Ya jiƙansa, mai gyaran kwamfuta ne a jami'armu. Ɗakinsa na ƙarƙashin bene, cike da wayoyi da matattun injina. Kujera ɗaya ce a ciki, ita ma baƙo yake bar wa, shi ya zauna a kan akwatin kayan aiki. Ni kuwa shekara ashirin da biyu na yi a laburare ina rubuta katin littafi da hannu. Sarkin Kati yake kirana.

Shekarar da aka ce a bar kati a koma kwamfuta, Dogo ne ya shawo kan manya suka ɗauki buɗaɗɗiyar manhaja, irin wadda kowa ke da izinin duba cikinta ya gyara. Aka yi mana horo na mako biyu. Kowa ya iya, ban da ni. Guraben cikewa sun fi talatin a allon kwamfutar, in na ɗora hannu sai kaina ya ɗaure, in rasa inda zan sa sunan marubuci. Shugabar laburare ta kira ni, cikin mutunci dai, ta ce in zango ya ƙare ban iya ba, sai ritaya.

Na sauka ƙarƙashin bene na gaya wa Dogo. Bai ba ni haƙuri ba. Ya ce, "Kawo katinka ɗaya in gani."

Ya juya shi gaba da baya. "Kai, wannan rubutu naka kamar kaza ta taka tawada."

Na ce, "Nawa dai ana karantawa. Naka ko kai ba ka iya ba."

Kwana tara yana hawowa lokacin hutun rana yana yi mini tambayoyi. Me ya sa lamba take sama ta hagu? Jan layin nan na mene ne? Me idonka ke fara nema? A rana ta goma ya kunna kwamfutar ya matsa gefe. Katina ne a allo. Gurabe shida kacal, kowanne a inda hannuna ya saba, har da jan layin.

Na ce, "Dogo, yaya aka yi?"

Ya ce, "Ai ba a kulle take ba. Na shiga na jera mata kaya yadda kake so."

Kafin a tashi na shigar da littafi arba'in. Shekara shida ke nan ina kan kujerata, a kanta na aurar da 'yata.

Gyaran nan bai riƙe shi don kansa ba, ya tura wa masu manhajar don duk mai so ya ɗauka. Wata rana ya hawo yana dariya, wai wata dattijuwa mai aikin laburare a wata ƙasa ta rubuto tana godiya. "Ka gani, Sarkin Kati, ashe kana da talakawa."

Ranar Larabar da ta wuce, kafin rasuwarsa, na je duba shi a asibitin da aka kwantar da shi. Ya rame, ƙafafunsa dai har yanzu sun fi gadon tsawo. Abin da ke cina ya suɓuce mini. Na ce, "In manhajar ta lalace ba ka nan fa?"

Ya ce, "Na rubuta duk yadda na yi, yana nan a buɗe. Ko wa aka kawo zai iya gyarawa. Ba mai taɓa maka kujera."

Na ce, "To ni kai nake so ka gyara."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. "Tashi ka koma aiki, ɗalibai na jira."

Na ce, "Sai gobe."

Ya ce, "Ka zo da lemo, ban da wannan fuskar."