Tabarmar da Ta Rufe wa Mota Ido

Gwandu, biyar da rabi na asuba

Ƙanwata Rabi ta haihu a Kalgo, ranar Laraba suna. Talata muna sallame sallar asuba Bashiru, ƙanin maigidana, ya tsayar da motarsa ƙofar gida. Bai daɗe da sayenta ba, kuma duk wanda ya shiga sai ya sha bayani. Akwai kyamara jikin murfin but, in ya sa ribas sai ta nuna masa bayan mota a ɗan allo kusa da sitiyari. Jikin bamba kuma akwai wasu 'yan idanu kamar maɓallan riga, in wani abu ya matso sai su yi ta tsuwa.

Ni kuwa na tara kayan barka: buhun gero, dakakken yajin jego, kanwa, turmi sabo, da itacen wankan jego ɗauri biyu. But ya ƙi rufuwa.

"Yaya, wanga kaya hwa? Barka za ki, ko tarewa?"

"Ɗaure dai, miji na wofi. Yarinya ta haihu in je mata hannu rabbana?"

Ya ɗaure murfin da igiya a ɗage, na cusa tabarmata a kai, bakinta na reto bisa bamba. Da ya sa ribas, allon bai nuna komai ba sai sararin sama, tsuwa kuwa ta cika mota. Ya ce tabarmar ce idanun ke gani. Raina bai so ba, don na gane cewa yanzu duk wanda ke bayanmu ba mai ganinsa, kuma ni na jawo. Amma na yi shiru saboda kayana. Shida saura kwata muka yi addu'ar hawa muka tashi.

Dalijan zuwa Birnin Kebbi

Shida da minti ashirin muka wuce Dalijan, manoma na fita da kalme a kafaɗa. Gaba kaɗan garken shanu ya tsayar da mu wajen minti goma. Kusa da Ambursa akwai shingen jami'an tsaro. Ɗayansu ya leƙa but ya ce, "Hajiya, har da turmi?" Na ce mai jego ce. Ya ce Allah shi raya, ya ɗaga mana hannu.

Bakwai da rabi muka shiga Birnin Kebbi. Nan na ga amfanin wata 'yar fitila jikin madubin gefe: duk ɗan kabu-kabun da ya raɓo ta inda direba ba ya gani, sai ta kama. Bashiru ya sauke ni gidan gwaggona ya tafi sabgoginsa. Ta ba ni kunun tsamiya da ƙosai, muka shiga kasuwa na sayi rigunan jariri da turmin atamfa. Bai dawo ba sai ɗaya da rabi. Da zai juya a lungun Gwaggo tsuwar ta sake tashi, ko waiwaye bai yi ba.

Kalgo, biyu da kwata

Tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Bakin gari muka tarar ana jam'in azahar a wani ɗan masallaci, ya cika har waje. Bashiru ya cusa hancin mota ƙarƙashin dogonyaro ya bi sahu. Ni na zare tabarmata daga but, na shimfiɗa gefen wata mai fura na yi tawa. Da na idar na naɗe ta, na shiga mota na aje ta wajen ƙafata ina lazimi.

Bashiru ya dawo, ya duba madubai duka uku, ba kowa. Ya sa ribas. Tsuwa ta tashi, wannan karon ba ko yankewa. Mota ta fara silalawa.

"Tabarmarki ta ishe ni yau," ya ce.

Na dubi ƙafata. "Bashiru, taka birki! Ga tabarma nan!"

Ya taka har na daki kujerar gaba. Muka fito tare. Wani dattijo makiyayi ne a bayan motar, goshinsa a ƙasa cikin sujada, sandarsa da malafarsa a gefe. Bai samu jam'i ba, sai ya tayar da tasa, ya mai da motarmu sutura don kada a gitta masa. Tsakanin rawaninsa da taya bai fi taƙi biyu ba. Mai sujada ya fi but ƙasa, madubi ba zai taɓa nuna shi ba. Kuma na san ko ya ji motsin mota, irinsu ba su katse salla.

Muka tsaya har ya sallame. Bashiru ya durƙusa gabansa.

"Bappa, ka gafarce ni. Saura kaɗan."

"Na ji ta," dattijon ya ce. "Na ce raka'a guda ta rage, mai ita shi yi haƙuri. Ashe ka yi."

Ya shafa addu'a, ya ɗauki sandarsa. Ni kuma mai fura ta zaunar da ni ta ba ni ruwa. Nan take muka sauke itacen da turmin, wani mai kura ya bi mu da su. But ya rufu, allo ya nuna ƙasa da sawun goshin dattijon bisa rairayi.

Gidan Rabi muka kwana, ni a ɗakin surukarta. Tuwon shinkafa da miyar kifi aka kawo, ban iya ci sosai ba. Da safe aka raɗa wa jaririya suna Maryam.

Komawa, Laraba

Da za mu taso ƙarfe uku, surukar Rabi ta fito da tukwici: rabin buhun shinkafa, kwandon busasshen kifi da albasa. Ta ce a ɗaure a baya. Na ce a'a, Inna, abin da but ya ɗauka ya rufe shi ke nan, sauran a ɗora mini a cinya. Haka na rungumo kwandon kifi tun daga Kalgo, Bashiru na ta cewa gara ya sauke ni ya auri mai ƙamshi. Amma duk inda zai yi baya sai ya fita ya zagaya motar tukuna.

Biyar da minti goma muka iso Gwandu, ƙafafuna sun yi tsami. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu ba da alhakin rai a wuyanmu ba. Na gode wa Gwaggo, da mutanen gidan Rabi, da mai furar nan. Dattijon kuwa ko sunansa ban tambaya ba. Allah ya san shi, ya sa ya iske shanunsa lafiya.