Malam Hashimu, Direban Anbilans Ɗinmu

Ina cikin awon masu ciki da hantsin Laraba talho ya yi ƙara a aljihuna. Babban ɗan Malam Hashimu ne, Lawali. Bai ko gama sallama ba ya ce, "Anti Hajara, Baba ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna kan bencin mata, sai wata tsohuwa da ta rako jikarta ta kama hannuna tana ba ni haƙuri, ba ta ma san wanda ya rasu ba.

Malam Hashimu shi ne direban anbilans na gidan likitanmu, a karkarar Gangara. Ni ungozoma ce, shekara tara muna aiki tare. Duk macen da haihuwa ta gagara a hannuna, shi ke kai mu Tanut, ni da ita a baya, shi a gaba. Baba nake ce masa, shi kuma bai taɓa kirana da sunana kaɗai ba, sai "ƴata Hajara".

Mutum ne marar garaje. Kowace safiya, kafin ya sha shayi, sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin mota ya duba ko wani abu ya ɗiga a rairayi. Sannan ya shiga ya taka birki sau uku yana saurare, kamar mai jin numfashin maras lafiya. Mukan yi masa dariya. Yakan ce, "Ku yi dariyarku. Gudu kowa ya iya, ni aikina tsayawa."

Da aka kawo mana sabuwar mota, kowa ya yi murna, har mai gari ya zo ya shafa ta. Baba ya daɗe zaune yana kallon fitilun da ke gaban sitiyari. Ya ce mini, "Tsohuwar in ba ta da lafiya kuka take, in ji. Wannan da fitila take magana, kuma ban iya yarenta ba." Littafin motar da Faransanci yake, shi kuwa bai yi lakwal ba, wato karatun boko. Sai ya roƙe ni. Kusan wata guda, bayan la'asar, ina karanta masa ina juyawa da Hausa, yana rubutawa da ajami a wani ƙaramin kaye, littafin rubutu. In na yi sauri ya ce, "Sannu dai, ƴata, kan tsoho ne." Wani dattijon ba zai yarda ya zauna gaban sa'ar ƴar cikinsa ya ce bai sani ba.

Ranar da ba na mantawa da damina ce. Aka kawo mana wata Bafillatana a amalanke, kwana biyu tana naƙuda, ɗan ya zo a gicciye. Ba ta jin Hausa sosai, mijinta ke fassara. Muka ɗauke ta da azahar. Akwai wani gangare a hanyar da ke sauka cikin kori, kwarin da ruwan sama ke bi, ranar kuma shanu sun cika ƙasan suna shan ruwa, ga mata da jakuna. Muna fara gangarawa na ji motar ta ƙara gudu maimakon ta rage. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ƴata Hajara, rungume ta sosai, ki tokare ƙafarki. Birki ya nutse."

Na kwanta a kan matar ina salati. Na ji injin ya yi ruri da ya sauke giya, ya sake saukewa. Yana jan birkin hannu kaɗan kaɗan, yana saki, yana danna oda. Da ya ga ba za ta tsaya kafin shanun ba, sai ya karkata ya cusa ta cikin rairayi mai zurfi a gefen hanya. Ta yi tangal-tangal ta tsaya. Tsakaninmu da saniyar farko bai wuce tsawon tabarma biyu ba.

Ya waiwayo, abin da ya fara tambaya shi ne, "Tana numfashi?" Na ce tana yi. Ya sauka ya shige ƙarƙashin mota da farar rigarsa. Ashe bututun man birki ne ya tsage, man ya tsiyaye. Ya matse bakin bututun da filaya, ya zuba man da kullum yake ajiye a bayan kujera. Makiyayan suka taimaka muka tura ta. A hankali ya kai mu Tanut, yana ta ba mijin haƙuri kan jinkirin. Aka yi mata aiki, aka ciro ɗa namiji da ransa.

Da na fito na same shi a gindin katanga, an ba shi ruwa a kofi. Na ce, "Baba, ai ka cece mu." Ya girgiza kai. "Allah ne ya cece mu. Jiya na ji kututture ya gogi motar daga ƙasa. Da safe na leƙa ban ga ɗigo ba, sai ban shiga na taɓa da hannu ba. Laifina ne." Babu wanda zai sani da bai faɗa ba. Haka ya je ya maimaita wa majo, shugabanmu, ya kuma ajiye masa makulli. Ya ce ba zai sake ɗaukar rai a cikinta ba sai makaniki ya zo daga Damagaram ya canza bututun. Majo ya yi faɗa, ya ce ai tana tafiya. Baba ya ce, "Tana tafiya, ranka ya daɗe. Tsayawar ce ban yarda da ita ba." Kwana huɗu motar na ajiye, yana nemo mana motocin kasuwa da kansa in larura ta taso.

Hawan jini ne ya kwantar da shi bara. A kan shimfiɗarsa ya cika, da kalmar shahada a bakinsa. Da na je gaisuwa, matarsa Inna Rakiya ta jawo ni kusa ta ce, "Hajara, tun da ya aure ni yake bisa hanya, amma ban taɓa tsayawa bakin ƙofa ina fargaba ba. Na san zai dawo. Yau ce kaɗai na ga an fita da shi, wani ke riƙe da tafiyar."

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Hashimu. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Matan da ya kai asibiti da ƴaƴan da aka haifa a dalilinsa, ka sa su a mizaninsa. Ka ba Inna Rakiya haƙuri da dangana, ka raya Lawali da ƙannensa a kan halin mahaifinsu. Mu kuma da muke baya, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.