Si Milud, Mai Tsince Abin da Reza Ta Zubar

Ƙarfe bakwai na safe Si Milud yake buɗe ɗakin ɗaukar sauti da ke bayan kasuwar kifi a Kasabalanka. Kafin ya ɗora shayi sai ya goge na'ura da auduga, ya fito da sabuwar reza. Shekara arba'in da tara ke nan a haka, ƙarshen watan nan kuma zai ajiye aiki.

Ni na kaɗa wa Jilali Warrak ganga a zamanin da kiɗan rok ya haukata garin nan, muna yawo da gashi buya-buya da wando mai faɗin ƙafa, iyayenmu na tsine wa jita. Faifai shida muka yi. Duk sa'ana ya taɓa rawa da "Jirgin Ƙarfe Biyar" a bikin wani. A bayan faifan akwai sunan Jilali da manyan baƙaƙe, akwai na Ma'aɗi mai jita, akwai nawa. Na Milud babu. Alhali shi ke yanka zaren sauti, irin na kaset, da reza, ya cire inda muka kwafsa, ya liƙe sauran har ka rantse a numfashi ɗaya aka yi waƙar. Jilali bai taɓa kai baiti na uku lafiya ba. Yana raye, ya musa.

A wannan sana'a, abin da aka yanke na shara ne. Milud kuwa tsincewa yake yi, tari da zagi da dariya, ya jojjona a wani zare daban, ya sa kwanan wata. Mun yi masa tsiya har mun gaji. Ni da bakina na ce masa bola yake tarawa.

Ma'aɗi ya rasu a haɗarin mota a 1980, ya bar 'yarsa Zuhur tana wata takwas. Bara ta shigo ɗakin nan, mace babba da furfurarta ɗaiɗai.

"Baba Milud, jitar babana na haddace ta," in ji ta. "Muryarsa ce ban sani ba. An ce ko amshi bai taɓa yi ba."

"Ba ya son muryarsa ne," in ji Milud. "Zauna, 'yata."

Ya zaro zaren da ya jojjona a 1980. Danshin teku ya riga ya cinye shi, ya manne. In aka kunna a haka, na'ura za ta kankare sautin, shi ke nan har abada. Maganinsa zafi kaɗan na tsawon sa'o'i, irin wanda hannu ke jurewa. In ya wuce haka ya narke.

Sai ga Milud ya ɗora zaren a kan katakon kwaɓin burodi, ya rufe da tsumma, ya bi layin mata masu kai burodi gashi zuwa tanderun unguwa. Na bi shi don kada labari ya wuce ni.

"Si Milud, wannan burodin naka da zaitun ake ci ko da zuma?" in ji Hammadi mai tanderu. Mata suka kwashe da dariya.

"Kai dai ba ni dandamalin sama in ka kwashe wuta. In ka ƙona min shi, gemunka zan yanka in liƙa."

Daga azahar har magariba yana tsaye, tafinsa a kan tubali yana auna zafi. Ya bar zaren ya huce kwana biyu, sannan ya kira mu.

Jilali ya zo da sandarsa. Na'ura ta juya. Aka ji tarin Jilali, aka ji ni ina zunduma ashar, na rasa inda zan sa kaina. Sai wata murya mai kauri, wadda na ɗauka na manta:

"Jilali, daina ihun nan kamar akuya, mu gama. Zuhur na haƙori. In ba ni ba, ba mai iya sa ta barci."

Zuhur ta dafe bango. Ni kuka na yi, ba na jin kunyar faɗa.

Kai ne, Milud, mai kunnen zinariya. Mu muka sha tafi, kai ka riƙe mana ƙuruciyarmu lokacin da muke watsar da ita a ƙasa. Na ce bola kake tarawa. Na janye, a gaban jama'a. Mun gode, Allah Ya ba ka hutu mai daɗi, Ya bar maka jinka.

Ku kuma da ke aikin da ba mai dubawa, ku yi shi kamar wata rana marayan wani zai zo nema. Milud ya juye wa Zuhur muryar a waya. Ta ce min kullum sai ta saurara kafin ta fita aiki. Daƙiƙa tara ce duka-duka.