Allurar Nana Zekira

"Ki ɗinka haka nan mana, Nana. Mujo Salkić. Ai ya isa."

"A Amurka ya isa," in ji Nana Zekira, ko kai ba ta ɗago ba. "Ka san Mujo Salkić nawa aka kashe? Ɗan wa?"

Daga St. Louis ta Amurka Elvedin ya zo Tuzla ta Bosniya don a ɗinka sunan kakansa, amma sunan uban kakan bai sani ba. A wajen mutanen Srebrenica kuwa, suna ba uba rabin suna ne.

"Wane ƙauye?"

"Wai kusa da kogi."

"Sannu, sarkin sani. Duk ƙasar kusa da kogi take."

"Mamata ta ce yana kiwon zuma."

Ta ajiye allurar. "Mujo na Alija ke nan. Ya taɓa kora ta da sanda a kan tuffa biyu, marowacin banza." Ta yi dariya, dariyar ta tsaya a hanya. "Allah ya jiƙansa."

Tun Yulin 1995, da aka ware mazan Srebrenica aka kashe, aka kwaso matan a motoci, aikinta ke nan. Asuba, gahawa, sai bakin taga a unguwar 'yan gudun hijira. Rigar matashin kai ɗaya, mutum ɗaya: sunansa, na ubansa, shekarar haihuwa, ƙauye. Ranar sha ɗaya ga kowane wata mata su ƙulla su a jere, su ratsa gari da su.

Muna yara muna kiran ta mai yi wa matattu shimfiɗa. Tana ji. Ba ta taɓa kai ƙararmu ba. Sunan kawuna da zarenta aka rubuta shi, ban kuma gode mata ba sai yau.

Nana, ke ce kabarin waɗanda ba a samu ƙashinsu ba. Ke ce kika hana a mayar da mutane lamba. Mun gode. Mun makara, amma mun gode.

Yanzu yanar ido ta rufe mata gani. Na Mujo da lalube ta gama, ta ce shi ne na ƙarshe. Masu tsofaffi a gida, ku tambaye su sunan uba da na ƙauye tun suna iya amsawa. Masu ido, ga allura nan.

A ƙasan kwandonta akwai rigar matashin kai ɗaya fara, a goge, ba ɗigon zare. Duk unguwa ta san ta Senahid ce, ɗanta, mai shekara sha bakwai. Ko ƙashi ɗaya nasa ba a tono ba. Ta taɓa gaya wa maƙwabciya, "In na ɗinka, na yarda ke nan."

Elvedin bai sani ba. Yana naɗe ta kakansa ya hango ta, ya ɗaga.

"Nana, wannan fa, wa zai ɗinka?"