Barau Mai Cizon Tukwane

Kabo yana sunkuye a gonarsa ta Toranke, yana maimai, Adama ya jingine keke a gindin ɗorawa, ya nufo shi sanye da farar riga. Adama ƙanen Barau ne, kuma ba ya zuwa gona da farar riga. Kabo ya saki fartanya ya zauna a kan kunya. Abokinsa na shekara arba'in ya tafi. Allah Ya ji ƙan Barau.

Barau manomi ne kamar kowa, amma a kasuwar Gaya da kunnensa aka san shi. Tun wajen shekarar samun 'yancin kai yake zama a layin masu tukwane. Mace ba ta ɗaukar randa ko tulu sai ta ce, "Bari Barau ya ji." Sai ya ɗaga, ya karkata kai, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa sau biyu. In amon ya tashi garau, ya ce, "Ɗauki, Allah Ya sa albarka." In ya ji ya dushe, sai ya ajiye a hankali ya ce, "Wannan tana da mura."

Maginan tukwane ba su son ganinsa, musamman Hansai 'yar Kademi, wadda ta ce da za a tara randunan da ya sa aka bar mata, da sun shayar da gari. Shi kuwa ba abin da yake bari. Kabewa ya ƙwanƙwasa, rumbun mutane ya ƙwanƙwasa ya faɗa musu sauran dawarsu ba su tambaye shi ba.

Shekarar babban fari kunnuwansa biyu suka yi ta zubar da ruwa. Da suka bushe, duniya ta yi masa nisa. Bai faɗa wa kowa ba. Ya ci gaba da karkata kai yana yanke hukunci, har ranar da ya zaɓa wa Hajo matar mai unguwa wata ƙatuwar randa. Aka cika ta da ruwa, kafin la'asar tabarmi da takalman baƙi suna iyo. Hansai ta bi layi tana tafi.

"A zo a ga likitan tukwane! Yanzu ko jaki ya yi kuka a kansa, ce masa zai yi wa alaikumus salam!"

Barau ya daina zuwa kasuwa. Wata biyu yana ɗaki, ya rame. Kabo ya je ya ja shi, ya tura shi a babbar mota sai Kano.

A asibiti likita ya leƙa kunnuwan, sannan ya ɗauko wani ƙarfe mai baki biyu, ya buga a gwiwarsa, ya kara kusa da kunne. Shiru. Ya sake bugawa, ya dasa gindin ƙarfen a goshin Barau. Barau ya zabura, hularsa ta faɗi.

"La'ilaha illallahu! Waye a cikin kaina?"

Likita ya yi dariya, ya yi wa Kabo bayani don ya isar masa. Ya ce kunne zaure ne kawai, mai gidan da ke saurare yana ciki, a ƙwaƙwalwa. Zauren Barau ne ya toshe, mai gida kuwa lafiyarsa ƙalau. Ƙashin kai ma yana iya kai masa sauti, kamar a miƙo saƙo ta kan katanga. Kabo ya haɗa goshinsa da na Barau, ya kwarara masa bayanin. Barau ya ce, "Haƙori ma ƙashi ne?"

A hanyar dawowa ya ciji ƙarfen bayan mota, ya leƙa ya gaya wa direba injinsa yana tari. Direba ya ce a sauke mahaukacin nan.

Ran kasuwa sai ga Barau a layin tukwane. Ya ɗauki tulu, ya kama bakinsa da haƙora, ya runtse ido, ya ƙwanƙwasa. Mata suka yi ta faɗuwa a kan juna don dariya.

"Malam Barau, in yunwa ce ga ƙosai can," in ji Hansai. Ta jera tukwane biyar a gabansa. Ɗaya tana da tsaga, ta shafe ta da yumɓu ta goge. "Fito da ita. In ka kasa, ka bar mana layinmu har abada."

Kabo yana gefe yana kallo. Barau ya ciji ta farko, ya ciji ta biyu. A ta huɗu ya tsaya, ya ƙara ƙwanƙwasawa, ya tofar da ƙasa.

"Baiwar Allah, wannan ba mura ba ce, tarin fuka ne."

Aka zuba ruwa, ya biyo gindi. Hansai ta ce to ai dai ya ɓata mata bakin tukwane huɗu da yawu. Daga ranar mata suka koma cewa, "Bari Barau ya ciza." Shekara huɗu yana yi, haƙori biyu suka tafi a aikin.

Kwana uku kafin zuwan Adama, Kabo ya je duba shi. Yana kwance, zazzaɓi ya cinye shi. Kabo ya durƙusa ya ɗora goshinsa a kan nasa.

"Kana ji na, mutumina?"

"Ina jin ka. Daina ihu. Kuma daddawa ka ci." Ya numfasa. "Kabo, in yara suka tambaye ka, kurma za ka ce musu?"

"Zan ce duk Gaya ba a yi mai ji kamarka ba."

"To madalla. Ɗaga kanka, kana jiƙa mini fuska."